Sababbin Injuna a Tsohon Jirgi

A farkon shekarar 2023 na sami hutun bincike na mako shida daga jami'ar da nake koyarwa, na tafi Jidda. Niyyata biyu ce: in yi Umara, sa'an nan in ɗauki maganar Hausawan da suka daɗe a ƙasar Hijaz, in ga yadda Larabci ya shiga bakinsu. Na sauka wurin kawuna, wan mahaifiyata, wanda rabona da shi shekara goma sha ɗaya. Na yi zaton zan cinye kwanakina ina zaune gaban tsofaffi da na'urar ɗaukar magana. Ashe rabinsu a cikin wani tsohon jirgin ruwa zan yi su, ina miƙa sifana.

Kawu bakanike ne. A Ƙofar Ruwa ta birnin Kano ya koyi gyaran manyan motoci tun yana yaro. A 1979 ya tafi aikin Hajji, ya ga aiki ya fi hannu yawa a Jidda, sai ya zauna. Ba shi ya fara ba. Tun kafin zuwan jirgin sama Hausawa suke ratsa Cadi da Sudan a ƙasa, wasu shekara da shekaru suna tafe suna noma da ƙwadago, har su kai Sawakin, su haye Bahar Maliya a jiragen katako. Jikokinsu suna nan a Makka da Madina da Jidda. Cikinsu Kawu ya shiga, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya bakwai a unguwar Sabil. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 aka rushe tsofaffin unguwanni masu yawa a Jidda, har da Sabil da Karantina da Gulail da Kandara. Gidan da ya yi shekara talatin da wani abu yana haya ya tafi cikin rusau. Na tarar da shi a wasu ɗakuna biyu a gefen gari, kuɗin hayarsu ya ninka na da, maƙwabtansa na da kuwa kowa ya kama gabansa. Tsofaffin da na zo nema sun warwatse. Wannan ne ya sa na riƙa bin Kawu wurin aiki, tun da a can ma akwai Hausa.

Wurin aikin nasa Abhur ne, wani reshen teku da ya kutso cikin tudu, kimanin kilomita 30 arewa da tsakiyar birni. A nan masu hali suke ajiye jiragensu na shan iska. Mai koyon Hausa zai lura cewa harshen nan bai tara kalmomin teku ba, domin ƙasar Hausa ba ta bakin teku. Kalmar jirgi ma asalinta abin fito ne a kogi, daga baya aka ja ta ta zama jirgin ƙasa da jirgin sama. Saboda haka Hausawan Abhur aro suke yi ta ko'ina. Kawu yakan ce inji da giya da salansa, kamar yadda ya baro su a Kano. Ɗansa na uku, wanda yake taya shi aiki, bai taɓa ganin Kano ba: shi makina yake cewa, gareji kuma warsha, farfela raffas. Taubashina ne, ɗan kawu da ɗan gwaggo, don haka tun ranar farko ya sa mini suna Dakta Miƙo-Sifana, ba ni da bakin ƙi.

Jirgin da ake magana ƙirar Hatteras ne, an gina shi a jihar Karolina ta Arewa a Amurka a 1978. Tsawonsa ƙafa 53, wato mita 16 da 'yan kai, nauyinsa ya kai kimanin tan 25. Ba na katako ba ne, ba kuma na ƙarfe ba: da faiba aka zuba shi, wato ƙaro mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi. Yana da falo da ɗakunan kwana uku da madafa. A ƙarƙashin falon akwai injuna biyu masu shan man gas, kowanne a ɗakinsa, da wata 'yar hanya a tsakaninsu. Ƙirar Detroit Diesel ne, samfurin 8V71. Kawu ya fassara mini sunan: silinda takwas ne, an jera su huɗu-huɗu kamar harafin V, kowace silinda kuma tana cin inci 71 na murabba'in ciki, jimla lita 9.3. Kamfanin General Motors ne ya fito da wannan zuriya ta injuna a 1938. An sa 'yan'uwansu masu silinda shida cikin ƙananan jiragen da suka sauke sojoji a gaɓar teku lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙi kuma suka bazu cikin motocin safa da janareto da jiragen su. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka daina ƙera su don kasuwa.

Abin da ya bambanta su da injin mota na yau shi ne, kowace silinda tana kama wuta duk juyi ɗaya, ba duk juyi biyu ba. Shi ya sa in suna aiki sai ka ji kamar gudunsu ya ninka abin da yake, da wata irin ƙara mai kama da ihu. Babu kwamfuta a jikinsu. Kowace silinda tana da nata mafeshin mai, kuma da hannu ake daidaita su ɗaya bayan ɗaya har su zo daidai. Wannan daidaitawa ita ce sana'ar Kawu. Shekara talatin da ɗaya yana kula da waɗannan injuna biyu. Yakan dafa tsinin sukuddireba a jikin inji, ya kara mariƙinta a kunne, ya ce maka silinda ta biyar ce take ragwanci. Na ga ya yi haka da idona kwana biyu kafin a kashe su kashewar ƙarshe.

Yadda aka kai ga sauya su kuwa, daga bakin matar Kawu na fara ji, domin shi bai so ya faɗa ba. Mai jirgin, wani dattijo ɗan kasuwa, ya rasu a 2021, 'ya'yansa suka gāda. Babbansu ya kira Kawu ya ce, "Ya mu'allim, kai ka san su. A sake kwance su a gyara, ko a sauya?" In an ce gyara, Kawu ya sami aikin wata uku, bayan haka kuma ga albashin kula da su duk wata har illa ma sha Allahu. In an ce sauyi, sababbin injunan da kwamfuta ake duba su, ba da kunne ba. Lokacin nan kuwa bai fi wata biyar da rasa gida ba. Kawu ya ce a sauya.

Da na matsa masa da tambaya wata rana muna cin ful da tamis a bakin ruwa, sai ya ce, "Ɗan nan, bara ɗaya ya mutu mana a tsakiyar duwatsun murjani, da mata da yara a ciki. Da ɗayan na dawo da su, ina salati. Tsufa ne, ba laifin kowa ba. Kaya in na aika a kawo sai na yi sati shida ina jira. Kuma duk Abhur, waɗanda suka iya saita waɗannan injuna ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, kowannenmu da furfura. In na ce a gyara, don cikina na faɗa." Ya ci gaba da cin abincinsa. Wanda bai san tekun Jidda ba zai ɗauka zancen duwatsu ƙari ne. Ba ƙari ba ne: gaɓar cike take da murjani jere-jere a ƙarƙashin ruwa, jirgin da injinsa ya mutu a nan iska ce take zaɓa masa inda zai dosa.

Na iso an riga an ɗaga jirgin daga ruwa an ɗora shi a kan tudu bisa turaku. Fitar da tsofaffin injunan ya ci kwana huɗu. Sai da aka kwashe kujeru, aka naɗe darduma, aka ɗaga daɓen falo, aka shimfiɗa katako ko'ina don kada a ƙwarzane adon jirgi. Kowane inji da giyarsa ya haura tan ɗaya nesa ba kusa ba, ƙofa kuma ba ta isa ba, don haka aka riƙa rage su gunduwa-gunduwa, ana cire kawuna da mahurar iska da giya, har abin da ya rage ya iya bi ta ƙofar gefe a bakin ƙugiya. Kawu bai yarda a jefar da ko noti ɗaya ba. Kowane ƙarfe sai ya goge shi, ya ɗaura masa takarda, ya rubuta sunansa da ajami. Ni kuwa aka ba ni aikin da ya dace da mai digirin digirgir: na shiga ramin da injunan suka bari da bokiti da tsumma, ina kwashe baƙin man shekara arba'in da biyar. Kwana uku matar Kawu tana hana ni zama a kan shimfiɗarta.

Sababbin injunan suna gefe cikin akwatunansu, farare tas, ƙirar Cummins, samfurin QSB 6.7. Silinda shida ne a jere ɗaya, lita 6.7, ƙarfin doki 425 kowanne, ga shi kowanne bai kai kilo 700 ba. Wato sun fi tsofaffin ƙanƙanta da sauƙin nauyi, amma ƙarfinsu kusan ɗaya. Ni a tunanina aiki ya zo ƙarshe: an cire babba, za a sa ƙarami, ai wuri ma ya yi yawa. Na faɗi haka, taubashina ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ga abin da ban sani ba. Daga kowane inji akwai wata doguwar sandar ƙarfe da ta ratsa ƙasan jirgi a karkace, ta fita cikin ruwa, farfela tana ƙarshenta. Ramin da ta bi da maƙallan da suka riƙe ta, tun 1978 aka kafa su, ba sa motsi. Saboda haka ba inji ne yake zaɓar mazauninsa ba, sandar ce take faɗa masa inda zai zauna. Kawu ya zare sandunan, ya ɗaura siririyar waya daga maƙalli na waje, ta bi ta tsakiyar ramin, har bangon ɗakin inji, ya ja ta ta yi tsai kamar tsirkiyar baka. Ya ce, "Wannan ita ce alƙibla. Kowa ita zai bi." Daga nan shi da wani kafinta suka sassaƙa siffar sabon inji da giyarsa da falanki mara nauyi, da ƙafafunsa huɗu a daidai inda suke, suka zura ta a jikin wayar. Nan take aka ga cewa ƙafafun sabon injin suna reto, ba su taɓa gadon da tsohon ya kwanta a kai ba, kuma faɗinsu ya sha bamban. Aka auna, aka yanka ƙarfe mai kauri, aka yi sabon gado a bisa ginshiƙan jirgin. Wannan kaɗai ya ci mako guda, inji kuwa ko buɗe akwatinsa ba a yi ba.

Sai batun giya, wanda a nan ne na ga Kawu yana lissafi da alli a bayan ƙofa. Tsohon inji iyakar gudunsa juyi 2,300 ne a minti ɗaya, giyarsa kuma tana raba wannan biyu, farfela ta riƙa juyi 1,150. Sabon kuwa sai ya kai juyi 3,000 yake ba da cikakken ƙarfinsa. In aka haɗa shi da giya irin ta da, zai nemi ya juya farfela sau 1,500, abin da ba zai iya ba, domin ruwa yana da nauyi. Sai ya yi ta nishi yana zafi har ya lalace. Don haka aka zaɓo giya mai raba gudu biyu da rabi, farfela ta dawo juyi 1,200, kusa da abin da ta saba. Akwai kuma wani abu: farfelun jirgi mai inji biyu ba gefe ɗaya suke juyawa ba, ɗaya dama ɗaya hagu, don kada jirgi ya riƙa karkata. A tsofaffin injunan, shi kansa injin ɗaya baibai yake juyawa. Sababbin duk gefe ɗaya suke yi, a cikin giya ake juya ɗayan.

Kowane abu aka taɓa sai ya jawo wani. Wutar jirgin ta batir mai ƙarfin bolt 32 ce, irin ta jiragen Amurka na wancan zamani, sababbin injuna kuwa 24 suke so, sai da aka ware musu nasu batura da nasu wayoyi. Bututun da ke jawo ruwan teku don sanyaya inji ma an sauya su. Inji a jirgi ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan teku ne yake ratsa wata tukunya mai siraran bututu, ya kwashe zafin ruwan da ke cikin injin, sa'an nan ya fita tare da hayaƙi ta salansa. Bahar Maliya kuwa tana cikin tekunan da suka fi gishiri da ɗumi a duniya: gishirinta ya kai kimanin giram 40 a lita, alhali na yawancin tekuna 35 ne, da bazara kuma ɗumin ruwanta yakan haura digiri 30. Ruwa mai ɗumi bai iya sanyaya da kyau ba, gishiri kuma cin ƙarfe yake yi. Shi ya sa ake ɗaura 'yan guntayen tutiya a cikin tukunyar da jikin sanduna, gishiri ya cinye su ya bar ƙarfe mai tsada. Salansar ma sai da aka ɗaga wuyanta sama sosai, domin sabon inji gajere ne, ya zauna ƙasa-ƙasa, in igiyar ruwa ta bugo ta baya tana iya turo ruwa har cikin silinda. Kawu ya ce ya taɓa ganin sabon inji da bai yi wata ɗaya ba ya mutu ta wannan hanya, a jirgin da yake ɗaure ko tafiya ba ya yi. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

A kan tankin mai ne uba da ɗa suka saɓa. Tankunan jirgin suna cin fiye da lita 2,000, kuma ba a taɓa buɗe su ba. Kawu ya ce ba su da komai, shekara talatin yana sauya matatar mai da hannunsa, ya san abin da ke fitowa. Ɗan ya ce, "Abuya, tsofaffin komai ka ba su sha suke yi. Waɗannan ba haka suke ba." Ya bayyana mini cewa sabon inji yana matsa mai da ƙarfin da ya ninka na iskar tayar mota sau ɗaruruwa, ya fesa shi ta ƙofofin da ido bai cika gani ba, don haka ɗigon ruwa ko ƙwayar datti tana iya kashe mafeshi, mafeshi ɗaya kuwa kuɗinsa ya fi albashin wata. Kawu ya ce ɓata lokaci ne. Suka yi kwana biyu ba sa magana sai ta aiki. A rana ta uku ɗan ya sami goyon bayan mai jirgi, aka buɗe. Abin da aka kwaso daga gindin tankin ya cika bokiti biyar, baƙi, mai yauƙi kamar miyar kuka da ta kwana. Kawu ya tsaya ya dube shi, ya sa yatsa ya murza. Bai ce komai ba. Da la'asar na ji ya aiki yaro ya sayo wa ɗan nasa shayi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

An sauke sababbin injunan cikin jirgi a mako na huɗu, cikin rabin yini. A nan ne aka zo aikin da ya fi kowanne cin rai. Bayan giya akwai faifan ƙarfe, a kan sanda ma akwai irinsa, su biyun ake haɗawa da kusoshi. Dole fuskokinsu su haɗu daidai ta kowane gefe. Ana gwadawa da wasu siraran ƙarafa masu kama da ganyen aska, kowanne da kaurinsa a rubuce. In ratar da ke sama ta fi ta ƙasa da abin da ya kai kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kaurin takarda, ba a yarda ba. Sai a juya noti a ƙafar inji kaɗan, a sake gwadawa. Ka ɗaga ƙafar gaba ta dama, ta baya ta hagu ta sauka. Kawu yana kwance a kan haƙarƙarinsa cikin zafi, mutum mai shekara sittin da bakwai, yana cewa, "Kwata. A'a, mayar da rabinsa." Yini biyu ana haka.

Da aka gama, aka mayar da jirgi ruwa ranar Lahadi. Mai jirgin ya zo da murna, ya ce ranar Talata zai fita da baƙi. Kawu ya ce ba za a fita ba. Ya ce jirgi a kan tudu zaune yake a kan turaku, a ruwa kuwa kwance yake, jikinsa yakan saki ya koma siffarsa ta ainihi, saitin da aka yi a tudu na wucin gadi ne. A cika tankuna, a bar shi kwana uku ya huta, a sake aunawa. Mai jirgin ya ɓata rai. Taubashina ma, wanda nasarar tanki ta ba shi baki, ya ce jirgin faiba mai kauri irin wannan ba ya motsi. Ni kaina, in faɗi gaskiya, na ɗauka Kawu yana jan aikin ne don ya san shi ne na ƙarshe. Na ji kunyar wannan zato daga baya, shi ya sa na rubuta shi a nan. Kawu ya cire kusoshin faifan ya sa a aljihu, ya tafi gida da su.

Ranar Laraba da safe aka sake gwadawa a gaban kowa. Na dama yana nan daidai. Na hagu kuwa, ƙarfen da ranar Asabar ya ƙi shiga, yanzu ya shige ta ƙasa salin-alin, har da wanda ya ninka shi kauri. Da an fita haka, da sandar ta riƙa girgiza tana cin maƙallanta da bayan sabuwar giya a hankali, ba a gane ba sai bayan watanni. Mai jirgin ya duƙa ya gani da idonsa, ya miƙe ya sumbaci Kawu a ka, kamar yadda suke yi wa manya. Wani abu kuma da ruwa ya nuna: jirgin ya tashi sama da 'yan yatsu, tsohon layin fenti ya fito fili, domin an rage masa nauyin da ya haura tan ɗaya. Sai da aka matsar da batura aka gyara zamansa.

Ranar gwaji muka fita ta bakin Abhur da hantsi, teku kwance, shuɗiya har ƙasa. Wani ma'aikaci ya zo daga wurin dillalin injunan da kwamfutarsa, ya jona ta, taubashina yana tsaye a kafaɗarsa yana kallon lambobi kamar mai karatun allo. Ƙa'idar ita ce, da cikakken kaya da cikakken mai, inji ya kai juyi 3,000 ko ya ɗan haura. Aka taka har ƙarshe, ya tsaya a 2,880. Ma'aikacin ya ce kwamfuta ta nuna injin yana ɗauke da kaya fiye da kima. Kawu, daga bakin ƙofa, ya ce farfela ce take cizon ruwa da yawa, a rage mata karkata inci ɗaya. Ma'aikacin ya danna lissafinsa, ya ɗaga kai ya ce haka ne. Bayan kwana biyar da aka dawo da farfelun daga maƙera, aka sami 3,040.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan fita shi ne shiru. A da, in ji su, mutum biyu ba sa iya hira a falo in jirgi yana gudu. Yanzu har ƙarar cokali a kofin shayi ana ji. Na nemi Kawu ban gan shi a sama ba, na sauka na same shi a ɗakin inji na hagu, ya dafa sukuddireba a jikin sabon injin, mariƙin a kunnensa, idonsa a rufe. Ya daɗe haka. Ya matsa gaba, ya sake dafawa. Da ya ga ni sai ya sauke ta, ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, ina tsammani. Amma ba ya gaya mini komai." Ya sa ta a aljihu, muka hau sama.

Mai jirgin ya biya shi haƙƙinsa har da ihsani, ya kuma bar masa tsofaffin injunan kyauta. Kula da sababbin kuwa, an ba dillali na tsawon garanti, taubashina kuma ya shiga koyon aikin kwamfutar a wurinsu. Kawu ya kwashe gunduwoyinsa masu takardun ajami ya kai wani rumbu da abokinsa ya ara masa. Ya ce cikin biyun zai tayar da ɗaya mai lafiya, akwai masunta a kudu, wajen Ƙunfuza, da har yanzu irinsu suke nema.

Daren da zan taso ya raka ni filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz. Muna cikin mota ya yi ta tambayata mutanen da, wane yana nan, wane ya rasu. Da muka tsaya, har na sauke jakata, sai ya kira ni ta taga.

"Malam, in ka je Kano ka leƙa mini Ƙofar Ruwa. Ka tambayo nawa ake hayar rumfa yanzu."

Na ce, "Kawu, dawowa za ka yi?"

Ya ce, "Tambaya dai na ce ka yi."

Na je na tambayo, na aika masa. Wata uku bai ce komai a kai ba. Da ya kira, labarin da ya ba ni shi ne injin ya tashi bugu ɗaya, masuncin ya aiko mota ta ɗauke shi har Ƙunfuza don ya saita masa, kuma wai akwai wasu jirage biyu a can masu irinsa.